Ƙorafin ɗaliba a kan malami: a sasanta a sashe ko a fitar da shi waje?

Ɗan Zazzau: Salamu alaikum jama'a. Ni fa ina nan a kan maganata ta jiya. In ɗaliba ta ce malami ya neme ta da lalata don maki, a kai wa shugaban sashe ya kira su biyun a kashe wutar cikin rufin asiri. Zuwa kwamiti tonon silili ne, kuma sunan yarinyar zai fi ɓaci, gobe mai neman aurenta ya ji ya zame.

Maman 'Yan Biyu: Wa'alaikumus salam. Malam wlh wannan sasantawar ni na gan ta da idona. Muna ajin ƙarshe a wata kwalejin ilimi, ƙawata da muke ɗaki ɗaya mai duba mata furojet ya matsa mata, kullum sai ya ce ta dawo ƙarfe shida lokacin da ginin ya watse, babi na ɗaya sau bakwai ya dawo mata da shi jan biro ko'ina, ranar da ta tafi da ni ya ce in jira a waje ya mayar da ƙofa. Ta daure ta je wajen shugaban sashe, ashe tare suke zuwa sallar azahar tare suke cin abinci. Ya kira mutumin a gabanta, tana tsaye su suna zaune, ya ce ta ba malaminta haƙuri. Ita fa! Aka bar mata shi a furojet ɗin, ta ƙara shekara, babanta har ya rasu yana zaton wasa ta yi da karatu.

Malamin Kwaleji: Allah ya isar mata Hajiya, wannan zalunci ne. Amma ku duba ta ɓangarenmu. Akwai wadda za ta faɗi jarrabawa ta zo tana kuka a gyara, ka ƙi, ta ce za ka gani. Shekara ashirin kana gina mutunci takarda ɗaya ta rushe shi. Ni sai da hujja.

Barista: Malam ai tsoronka da nata magani ɗaya ne, kwamitin da ba na sashenku ba. Ita ta rubuta, kai a ba ka kwafi ka amsa a rubuce, a ji ku daban daban, a karɓi takardar jarrabawarta a ba wani malamin da bai san ku ba ya sake dubawa. In 30 ta ci zai fito, in 60 ta ci aka rubuta mata 30 shi ma zai fito. A ofishin shugaban sashe ba a rubuta komai, wanda ya fi girma shi ke fita da gaskiya.

Ɗan Zazzau: To Barista batun shaidu fa? Addini bai yarda a jefi mutum da alfasha haka kawai ba.

Antin Makaranta: Ɗana kar mu cakuɗa. Shaidu huɗu na tabbatar da zina ne don haddi. Wadda ta ce an riƙe mata maki sai ta je ofis da yamma, ko ana turo mata saƙo ƙarfe goma sha ɗaya na dare, ƙarar cin amana ta kawo, kuma hukumar makaranta horon ma'aikaci take yi ba haddi ba. Mai irin wannan halin ai ba ya yi a gaban mutum huɗu.

Barista: Ku tuna na jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife a 2018. Ɗalibar digiri na biyu ce ta naɗi muryar farfesa a waya yana gindaya mata sharaɗi kafin ya ƙara mata maki, muryar ta bazu, jami'a ta kore shi, hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC ta kai shi kotun tarayya a Osogbo aka ɗaure shi shekara 2. Abin da ke damuna, sai da yarinyar ta saka kanta a bakin duniya kafin a saurare ta. 'Yarmu ta nan da ko sunan abin ba ta iya furtawa gaban babanta, ita za a ce ta yi haka?

Malamin Kwaleji: Ba an yi doka ba? Na san majalisar dattawa ta amince da ƙudurin Sanata Omo-Agege na hukunta malaman da ke neman ɗalibai da lalata a 2020 mai ɗaurin har shekara 14, ƙungiyar malaman jami'o'i ASUU ta ce malamai kawai aka ware.

Barista: Ta amince, amma Buhari ya sauka a 2023 bai sa hannu ba. Ko ba shi ICPC tana ɗaukar abin a matsayin amfani da muƙami ba bisa ƙa'ida ba.

Ɗan Zazzau: Na yarda shugaban sashe bai dace ba in abokinsa ne. Amma rufin asirin yarinyar har yanzu ba a ba ni amsa ba, kwamiti mutum bakwai, kafin la'asar magana ta kai hostel.

Maman 'Yan Biyu: Wannan kam gaskiyarka, na ji inda hakan ta faru. Sai dai gyaran shi ne a rage su, a sa mata a ciki, wanda ya fitar da magana shi ma a hukunta shi. Kuma ranar da ta shigar da ƙorafi a ranar a canza mata mai duba furojet, kar a ce sai an gama bincike.

Auta: Anti don Allah ni tambaya gare ni, wata ce a ajinmu abin yana faruwa da ita yanzu haka, tsoro ya sa ta goge saƙonnin.

Antin Makaranta: Ki ce kar ta ƙara goge komai, ta ɗauki hoton duk wanda ya shigo ta tura wa wadda ta yarda da ita, ta riƙa rubuta rana da lokaci a littafi, kar ta sake shiga ofishinsa ita kaɗai. Takardar kuma ofishin kula da harkokin ɗalibai za ta kai, a buga mata hatimin karɓa a kwafinta. Ki min magana ta gefe yanzu, gobe in Allah ya kai mu ni zan raka ta.