Repository da Hausa: rumbu, ma'ajiya ko taska?

Jama'a, ku zo ku raba ni da wata gardama. Jiya wani ɗalibina ya turo min hoton allon kwamfutarsa. Ya buga sudo apt update, komai ya tafi daidai, amma can ƙasa ga layukan gargaɗi har uku. Sai ya ce, "Malam, repository ɗina ne ya lalace?" Na zo zan yi masa bayani da Hausa, sai na tarar abin ba shi da suna a bakina. Daga baya na lura rashin sunan nan ne ya jawo rabin ruɗewarsa.

Ga wanda bai saba ba: a Debian da Ubuntu da danginsu, wato tsarukan aikin kwamfuta na Linux, ba a bin intanet ana farautar manhaja ɗaya bayan ɗaya. Akwai apt, wanda ya fito tare da Debian 2.1 a 1999. Shi ne ɗan aike. Yakan je wani wuri a intanet, ya karanto jerin ƙunshin manhajojin da ke can, ya tabbatar da sa hannun masu wurin, sannan ya sauko maka da abin da ka nema haɗe da duk abin da ba ya aiki sai da shi. Wurin da yake zuwa ɗin, shi muke nema wa suna.

Kowa ka tambaya, rumbu zai fara cewa. Ni ma da farko can na nufa, don yana da daɗin faɗa. Sai dai an riga an ɗora wa rumbu kaya fiye da ƙarfinsa: ga rumbun bayanai, ga masu kiran faifan ajiyar kwamfuta rumbu. Kuma rumbu naka ne, kusa da kai yake, kai ka zuba, in ka ɗiba ya ragu. Wannan kuwa na wasu ne, yana nesa, mutum dubu su ɗiba yana nan yadda yake. Ka ce wa sabon shiga "rumbunka ya samu matsala", faifansa zai je ya duba.

Ma'ajiya inda kake kai ajiya ce, mu kuwa ba mu ajiye ko allura a can ba. Kanti da sito sun kawo maganar ciniki, ban ma tsaya a kansu ba.

Ni dai taska na zaɓa. Taskar manhaja, jam'i taskoki. Taska tana da mai kula da ita, kayanta a jere suke, kuma ba a karɓar abin da aka ce daga cikinta ya fito sai da shaida. Fayil ɗin /etc/apt/sources.list kuwa, tare da waɗanda ke cikin jakar /etc/apt/sources.list.d, sai mu kira su jerin taskoki, tunda adireshi kawai suke ɗauke da shi. Taska tana can, jeri yana nan cikin kwamfutarka.

To mu ɗora kalmar a kan gargaɗin yaron mu ga ko za ta ɗauka.

Na farko ya fara da harafin N, wato sanarwa ce kawai. W gargaɗi ne, E ne kuskuren da ke tsayar da aiki, a riƙa duba harafin kafin a ɗaga hankali. Apt yana cewa ya tsallake wani fayil saboda ƙarshen sunansa bai dace ba. A jakar nan iri biyu kaɗai yake karantawa: mai ƙarewa da .list da mai ƙarewa da .sources. Yaron ya kwafi wani jeri don tsaro ya sa masa .old a ƙarshe. Abin dariyar, da .bak ko .save ko .disabled ya sa, da apt ya wuce shiru, don waɗannan an riga an gaya masa ya kau da kai. Magani: a fitar da fayil ɗin daga jakar, ko a gyara sunan. Da Hausa: "akwai baƙuwar takarda a cikin jerin taskokinka." Taska lafiyarta ƙalau.

Na biyu, W ne: an rubuta taska ɗaya sau biyu. Wannan ya yawaita tun da Ubuntu 24.04 ta mayar da jerinta cikin ubuntu.sources, da sabon tsarin deb822, inda adireshi da sashe da makulli (abin da apt ke tantance sa hannun masu taska da shi) kowanne ke da layinsa. Mutum ya ga tsohon sources.list kusan fayau, ya ɗauka an share masa, ya kwaso tsofaffin layuka ya cika. Gargaɗin da kansa yana faɗin sunan fayil biyun da lambar layi. Ka buɗe ɗaya, ka sa # a farkon layin da ya maimaitu don apt ya tsallake shi, shi ke nan. In a fayil mai .sources ne kake son kashe taska, layin Enabled: no za ka ƙara. Nan ma jeri ne mai laifi.

Na uku shi ne mai nauyi, kuma shi ya sa na tsaya kan taska. Tun Ubuntu 22.04 apt ke ƙorafi idan makullin wata taska yana cikin tsohon /etc/apt/trusted.gpg. Da, umarnin apt-key ke zuba duk makullai wuri guda, kuma duk wanda ya shiga nan an yarda da sa hannunsa a kan kowace taska. Wato ka ƙara taskar wani ƙaramin kamfani don manhaja ɗaya, makullinsa ya zama yana iya shaidar ƙunshin da ya yi da'awar daga ko'ina yake. Gyaran shi ne a ajiye kowane makulli daban a /etc/apt/keyrings, a nuna shi da signed-by a layin taskarsa ita kaɗai. Debian 13 ta 2025 ma ta zo ba apt-key, kuma tana da umarnin apt modernize-sources mai juya tsofaffin layuka zuwa sabon tsari. "Kowace taska da makullinta." Jimlar ta zauna ba tare da an tura ta ba.

Na san wani zai ce, Malam, ai rifo, gajeren repository, kowa ke cewa, me ya kai mu? A hira ni ma rifo nake cewa, ba zan yi ƙarya ba. Amma rifo ba ta gaya wa yaron nan cewa abu biyu ne, ɗaya can ɗaya nan ba. Masu Git kuma, manhajar adana tarihin aiki da ita ma ke da nata repository, ku gwada taskar aiki ku ga ko ta shiga.

Inda ban gamsu ba shi ne makulli. Abin nan ba ya buɗe komai, aikinsa tantance sa hannu. Hatimi ya fi kusa, sai dai hatimin yana hannun masu taska, abin da ke wurinmu samfurin da ake gwada shi da shi ne. Yaron dai ya fitar da fayil ɗin .old, ya sa # a layi huɗu, ya raba makullai, apt ya yi shiru. Yanzu kuma ya dawo yana tambayata yadda ake cewa keyring, wato fayil ɗin da ake ajiye makullai a ciki, na ce masa zoben makullai, ya ce bai yarda ba.