Ƙanena yana sa riga da siket don bidiyon barkwanci, ya zan yi?

Assalamu alaikum 'yan uwa. A ɓoye sunana don Allah. Ƙanena ɗalibi ne, yana haya a Samaru, mu kuma muna cikin birnin Zariya. Shi da abokansa suna bidiyon barkwanci a TikTok, shi ke fitowa a uwargida: riga da siket na atamfa, ɗaurin ɗankwali, har da jan baki. Da kayana yake ara, yanzu nasa ya ɗinka. Na yi masa magana, ya ce wasa ne kawai, kuma da kuɗin tallan da yake samu yake biyan haya. Mahaifinmu ya rasu, Hajiya na fama da hawan jini, ba ta sani ba tukuna. Yaran unguwa sun fara kiransa ɗan daudu. In kai ƙara wurin Kawu ne, ko in rufa?

Wani malamin Islamiyya daga Tudun Wada:
Wa alaikumus salam. Hukuncin a fili yake. Abu Dawud ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah (SAW) ya la'anci namijin da ya sa tufar mace, da macen da ta sa tufar namiji. Kada ya kafa hujja da cewa maza na ɗaura zane a wasu wurare. Mai harami yana ɗaura gyauto, mazan Yaman ma haka, amma wannan tufar maza ce a wurinsu. Riga da siket a Zazzau kuwa kowa ya san na mata ne. Ki karanta masa hadisin ku biyu, ba a gaban jama'a ba.

Wata uwa daga Gyallesu:
'Yata, kar ki fara da Kawu in mai zafi ne. Yaro mai shekarunsa in aka tozarta shi, ƙaura zai yi ya bar muku gidan, can kuma ba mai kwaɓarsa. Abin da ya tsaya min a rai kuɗin hayar nan ne. Maraya ne, wa ke biya masa in ya daina? Ku zauna da 'yan uwa ku ɗauke masa wannan nauyin, sannan maganarku za ta shiga kunnensa. Hajiya kuma gara ta ji daga bakinki da ta gani a wayar maƙwabta.

Wani tela a Sabon Gari:
Ni an kawo min irin wannan ɗinkin, ban karɓa ba. Ya fito a tsoho ko mai unguwa mana, ai su ma ana dariya.

Wani ɗalibin shari'a a Kongo:
A 2022 an gabatar da ƙudirin hana irin wannan shiga a Majalisar Wakilai, da hukuncin ɗaurin wata 6 ko tarar naira 500,000, amma bai zama doka ba. Ni ba kotu nake jiye masa ba, 'yan tasha da matasan unguwa nake ji. Ki ce masa ko kusa kada ya fita titi da kayan. Bidiyo kuma ba ya ɓacewa, ranar neman aure sai ka ga an zaƙulo shi.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Mama, zan kira yayyenmu a kan hayar yau da daddare. Malam, ko za ka yarda in turo shi wurinka bayan sallar Juma'a?