Wa ya taɓa gyara /dev/null da hannunsa?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya /dev/null, wato fayil na musamman a Linux da ke zubar da duk abin da aka rubuta masa, ta lalace a sabar da nake kula da ita. Wani shiri mai ikon root (cikakken iko a kan tsarin) ne ya goge ta, wani kuma ya yi rubutu a gurbinta, sai ta koma fayil kamar kowane fayil. Nan take ma'aikata suka fara kuka an hana su izini. Da na buga `ls -l /dev/null` ban ga harafin c, mai nuna fayil na na'ura ne, a farkon layi ba. Na goge ta, na buga `mknod -m 666 /dev/null c 1 3` don sake ƙirƙirar ta a matsayin na'ura, komai ya daidaita. Wa ya taɓa shiga irin wannan?

Tsohon Ma'aikaci: Wa alaikumus salam. Sannu da ƙoƙari, ƙanena. Ni a cikin chroot (keɓaɓɓen babban fayil da shiri ke ɗauka a matsayin tushen tsarin) na gamu da ita, inda udev, shirin da ke kula da fayilolin na'urori, ba ya ƙirƙira maka komai. Da hannu na yi null, sannan zero mai lamba 1 da 5, da urandom mai 1 da 9. Abin da nake so matasa su riƙe shi ne kernel, wato zuciyar tsarin, bai damu da sunan ba, nau'in (c ko b) da lambobin biyu yake dubawa. Ta farko tana nuna direba, ta biyu tana nuna wace na'ura ce a ƙarƙashinsa. In ka ba mknod b 8 0 (b na nufin na'ura irin ta faifai), ko wane suna ka raɗa masa, faifanka na farko ka buɗe gaba ɗaya. Ka ba shi izinin 666 kuwa, kowa zai iya karanta shi ya rubuta a kai. Wannan yana tayar mini da hankali sosai, shi ya sa nake ɗaura filasha da zaɓin nodev, wanda ke hana fayilolin na'ura da ke cikinta aiki.

'Yar Damagaram: Ni tawa da mkfifo ce, umarnin ƙirƙirar bututun da shiri ɗaya ke tura wa wani bayanai ta cikinsa, wadda ba ta buƙatar root. Wuri ya ƙare mini a faifai, ga matsattsen ajiyar bayanai ina son lodawa. Na yi `mkfifo bututu`, na tura masa da zcat mai warware matsattsen fayil, sai taga ta tsaya cik. Na ɗauka ta maƙale, ashe jira take a buɗe ɗaya bakin. Ina kunna mai karantawa a wata taga bayanai suka wuce, ba su taɓa faifai ba. A kan filasha mai FAT32 dai ya ƙi ƙirƙiruwa sam.

Ɗan Fagge: Na gode, Yaya. Yau zan saka nodev ɗin. Malama, in mai karantawar ya rufe kafin a gama fa?

'Yar Damagaram: Mai turawar zai samu SIGPIPE, wato saƙon cewa an rufe ɗaya bakin, ya mutu, sai ka sake daga farko.