"Ka ƙi naka duniya ta so shi": wane irin ƙi ake nufi?

Maman Hanifa (Gadarif): Assalamu alaikum iyaye da 'yan'uwa. Wata karin magana ce ta hana ni barci, na ce bari in kawo ta gabanku. Tun da yaƙi ya ci garin Madani a nan Sudan a Disambar 2023 makarantar da ke bayan gidanmu ta cika da 'yan gudun hijira, wasunsu har yanzu a azuzuwa suke kwana. Shekaranjiya ɗana mai shekara 8 ya haɗa kai da abokansa suka tasa wani yaro daga cikinsu a gaba da dariya, wai takalminsa kowace ƙafa da irin nata. Yaron ya koma wajen uwarsa yana kuka. Da labari ya iso gida, uwar maigidana ta miƙo mini tsumagiya ta ce, "Ka so naka duniya ta ƙi shi, ka ƙi naka duniya ta so shi." Na karɓa, amma hannu ya ƙi ɗaguwa. Tausayi nake so ya shiga zuciyar yaron nan. To ta fatar baya yake shiga? Ko ni ce ban gane "ƙi" ɗin ba?

Abban Mus'ab (Kosti): Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, Hajiya ta fi ki gaskiya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu da muka yi allo a halwa, wato tsangaya, mun sha bulala, ga mu nan ba mu lalace ba. Ko a kan salla an yi izinin duka idan yaro ya kai shekara 10. Wanda bai taɓa jin zafi a jikinsa ba, ina zai san zafin wani?

Goggo Ladi (Kasala): Abban Mus'ab, bakwai na haifa, biyu na riƙa. Babban na fi duka, don lokacin da ƙuruciya da zafin zuciya, kuma shi ne ya fi iya ɓoye mini laifi. Yaron da ya ci zalin ƙarami ka kama shi ka zane, karatun da ya ɗauka ɗaya ne: mai ƙarfi shi ke taɓa marar ƙarfi. Gobe sai ya duba gabas da yamma, in ba kowa, ya sake.

Baba Malam (Mai Wurno): 'Yata, kin yi tambaya mai kyau. Karin magana ba a cin ta da ɓawonta. "So" ɗin da ake nufi a nan shagwaɓa ce da goyon bayan ɓarna. Kin san uwar da za a kawo mata ƙarar ɗanta, kafin mai ƙara ya rufe baki ta ci ɗamara ta ce nata ba ya haka? Ita aka yi wa maganar. Shi ya sa ake cewa mai ɗa wawa. "Ƙi" kuwa shi ne ki ƙi bin bayansa ranar da ya zalunci ɗan wani, ki ƙi ba shi duk abin da ya miƙa wa hannu, ko da ranki yana so. Ba a ce ki ƙeƙashe masa zuciya ba.

Aƙra'u ɗan Habis ya ga Manzon Allah (SAW) ya sumbaci jikansa Hasan, ya ce shi 'ya'yansa 10 bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba. Amsar da aka ba shi: wanda ba ya jin ƙai ba a jin ƙansa. Anas ya yi wa Annabi hidima shekara 10, bai taɓa jin ko "tir" daga bakinsa ba. Hadisin da Abban Mus'ab ya kawo gaskiya ne, amma a duba, umarni da salla tun daga shekara 7 yake farawa. Shekara 3 cur ana koyarwa kafin a zo batun hukunci. Mu kuwa so muke mu fara daga ƙarshe.

Sannan ki zaunar da shi ki ba shi labarin asalinsa. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Mai Wurno ya ja jama'a gabas har suka sauka bakin kogin Nilu a nan Sudan, garin da nake zaune sunansa ya ci. Wasu kakannin namu kuma hanyar Hajji ce ta ajiye su, a ƙafa, shekara da shekaru suna tafe suna ƙwadago a gonakin mutane. Da wane takalmi suka iso? Yaron da yake yi wa baƙo dariya bai san shi ma jikan baƙo ba ne, kuma laifin rashin sanin namu ne.

Abban Mus'ab (Kosti): Baba Malam, Allah ya ƙara lafiya, na karɓi fassarar. Amma ban sauka gaba ɗaya ba. Akwai yaron da za ka yi wa nasiha har bakinka ya bushe. In ya maimaita sau uku fa? Ni dai tsumagiya ba za ta bar ɗakina ba.

Ummu Rayyan (Makka): Ni kuma wutsiyar maganar ce take damuna, "duniya ta so shi". Don duniya za mu yi tarbiyya? A azumi a nan za ka ga yara suna rabon dabino da zamzam a harabar Harami, abin gwanin sha'awa, amma wani da ya ga babu mai ɗaukarsa hoto sai ya ajiye kwalin. Idan kullum abin da muke faɗa wa yaro shi ne "mutane za su ce me", tsoron ido muke shuka masa, ba tausayi ba.

Goggo Ladi (Kasala): 'Yar nan, "duniya" a bakin Bahaushe jama'a ce, maƙwabci da abokin tafiya da matar da zai aura. Ba a ce ya yi don a gani ba, an ce waɗanda za su zauna da shi su ji daɗin zama da shi. Shaidar duniya ai ita ce ta lahira. Amma batun hoton nan kin taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Mu da, ƙwarya ake ɗora mana a rufe bayan magariba, a ce kai gidan wance, kada ki tsaya surutu. Mun girma kafin muka gane gidan da ba a ɗora tukunya ba ake aikenmu. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: abin da hannun uwa yake yi shi yaro ke kwaikwaya.

Maman Hanifa (Gadarif): Na gode, Allah ya saka da alheri. Yau da la'asar na tuƙa asida na ɗora masa kwanon, muka tafi makarantar tare. A gaban uwar yaron na sa ya ba da haƙuri, ban rufa masa ba, na faɗi abin da ya yi da bakina. Wallahi ya fi mini wuya a kan duka. Matar ta ce da daddare suka fito daga gida, kowa ya zura abin da ƙafarsa ta samu. Ɗana bai ce uffan ba har muka dawo. Bayan isha'i ya zo ya ce zai ba yaron takalminsa, sai ya ɗauko tsohon da ya matse shi. Ga na Salla sabo a ajiye. In tilasta masa ya ba da sabon, ko in bar shi? Hajiya dai ta ce na yi masa sassauci, tsumagiyar tana jingine a bayan ƙofa.

Goggo Ladi (Kasala): Kada ki tilasta. Ajiye masa duka biyun a gabansa, ki tambaye shi in shi ne a ajin nan wanne zai so a kawo masa, sai ki tashi ki ba shi wuri. Ki fara duba ƙafar yaron tukuna, kada a kai wanda ba zai shiga ba.