Muhawara: Tsakanin Mai Ilimi da Mai Hidima, Wa Ya Fi Cancantar Yabo a Cikin Musulmi?

Likita: Assalamu alaikum. Ina da wata magana wadda na san ba za ta yi wa kowa daɗi ba, amma gara a faɗe ta a tattauna. Duk lokacin da aka ce a lissafa Musulmin da suka amfani duniya, sunayen da ake jerowa ba sa canzawa: Alkhawarizmi, Azzahrawi, Ibn Sina, Ibn Haisam, mutanen da kowannensu ya kai ko ya kusa shekara 1,000 a kabari. Ban raina su ba, sai dai ina ganin wannan jeri ya zame mana abin fakewa, kuma wanda ya kamata a sa a gaba shi ne irin Abdul Sattar Edhi na Pakistan. Mutumin nan bai yi zurfin karatu ba. Ya buɗe wani ɗan ɗakin shan magani a Karachi a 1951, daga baya ya sayi tsohuwar mota yana ɗaukar marasa lafiya da kansa, kuma kafin rasuwarsa a 2016 motocin gidauniyarsa sun haura 1,500. Gawar da aka tsinta a titi babu mai ita, shi ne yake yi mata wanka da hannunsa ya sa mata likkafani. A ƙofar cibiyoyinsa an ajiye gadajen jarirai, domin wadda ta haihu ta rasa yadda za ta yi ta kwantar da jaririn a ciki maimakon ta jefar da shi a bola, kuma matarsa Bilkisu, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ita ce ta riƙa kula da renonsu. Bai taɓa tambayar addinin wanda za a ɗauka ba. A wurina wannan ya fi littafin da yawancin masu ambatonsa ba su taɓa buɗewa ba.

Malamin Tarihi: Wa alaikumus salam, Likita. Babu mai ja da ke a kan Edhi, Allah ya jiƙansa, amma motarsa tana kai mara lafiya ƙofar asibiti ne kawai, abin da zai tarar a ciki kuwa ilimi ne da wasu suka ƙarar da rayuwarsu wajen tarawa. Ke kin fi ni sanin zaren ɗinkin da ake barinsa a cikin jiki ya narke da kansa. Azzahrawi, wanda ya rasu a Andalus a 1013, ya yi bayanin ɗinke ciki da zaren hanjin dabba, ya kuma zana kayan tiyata kusan 200 a kashi na ƙarshe na littafinsa mai kashi 30, kashin da aka fassara zuwa Latin a ƙarni na 12 aka daɗe ana koyar da shi a Turai. Littafin Alƙanun na Ibn Sina, wanda ya kammala a 1025, ana karantar da shi a wasu jami'o'in Turai har cikin ƙarni na 17.

Abin da ya fi damuna a maganarki shi ne raba ilimi da hidima, alhali su kansu malaman ba su raba ba. Alkhawarizmi ya faɗa a gabatarwar littafinsa na aljabara, wanda ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820, cewa ya rubuta shi ne saboda abin da mutane ke buƙata a rabon gado da wasiyya da shari'a da ciniki da awon filaye da haƙar magudanan ruwa, kuma wani babban kaso na littafin lissafin gado ne zalla. Marainiyar da aka fitar mata da haƙƙinta daidai, ba a cuce ta da ko kwabo ba, ita ma an yi mata hidima.

Ɗalibar Jami'a: Allah gafarta Malam, ni ina tsakiya, amma akwai abin da ya sa nake fahimtar takaicin Likita. Yawan alfaharin ya kai mu ga ƙarin gishiri. Za ka ji an ce Musulmi ne suka fara ƙirƙiro komai, kuma duk wanda ya nemi hujja sai a ɗauke shi maƙiyi. Misali, kowa na cewa Fatima al-Fihri ta kafa jami'a ta farko a duniya a birnin Fas a 859. Abin da ruwayar ta ce shi ne ta gina masallacin Ƙarawiyyin da dukiyar da ta gada, daga baya ne masallacin ya zama babbar cibiyar karatu, kuma littafin da ya fara kawo labarin nata an rubuta shi ne a ƙarni na 14, fiye da shekara 400 bayan aukuwar abin, wanda hakan ya sa masana tarihi ke da saɓani a kansa. Haka kuma ba mu cika ambaton cewa babban mai fassara littattafan likitanci na Girkawa a Bagadaza, Hunain ɗan Ishaƙ, Kirista ne ba, alhali wannan ma abin yabo ne ga masu mulkin da suka ba shi wuri suka biya shi.

Sannan ina da tambaya. Ahmed Zewail ɗan Masar ya sami kyautar Nobel a fannin kimiyyar sinadarai a 1999, Aziz Sancar ɗan Turkiyya ya samu a 2015, amma dukkansu a Amurka suka yi binciken da ya kai su ga kyautar. Idan har muna girmama ilimi kamar yadda muke rera sunayen magabata, me ya sa sai sun bar gida kafin su sami ɗakin gwaji?

Malamin Tarihi: Tambayarki tana kan hanya, 'yata, amma hujja ce a gare ni. Rashin girmama mai bincike shi ya kore su, don haka maganin ba zai zama a ƙara rage masa matsayi ba. Kuma ciwon ya daɗe: an gina wa Taƙiyyuddin cibiyar nazarin taurari a Istanbul a 1577, aka rushe ta da umarnin sarki a 1580. Batun ƙarin gishiri kuwa na yarda da ke ɗari bisa ɗari, domin abin da ya tabbata ya ishe mu.

Tsohon Alƙali: Na karanta abin da kowa ya rubuta, kuma ina ganin an shigar da ƙarar ne ba bisa ƙa'ida ba. Hadisin da Imam Muslim ya ruwaito ya ambaci abubuwa uku da ladansu ba ya yankewa bayan mutuwa, wato sadaka mai gudana, da ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai addu'a, kuma bai ce a zaɓi ɗaya a bar ɗaya ba. Abin da ya haɗa na farko da na biyu shi ne ɗorewa, kuma da shi ya kamata a yi awo.

Ku dubi Zubaida matar Haruna Rashid, wadda ta rasu a 831. Ta ga wahalar ruwa da alhazai ke sha, sai ta kashe dukiyarta aka janyo ruwa daga duwatsu zuwa Arfa da Makka, aka kuma yi rijiyoyi da tafkuna da masaukai a kan hanyar Kufa zuwa Makka, hanyar da har yau da sunanta ake kiranta. Ruwan nan ya shayar da alhazai sama da shekara 1,000. Wannan hidima ce, amma ba za ta yiwu ba sai da masana awon ƙasa waɗanda suka san yadda ruwa zai gangara ta ƙarƙashin ƙasa ba tare da ya tsaya ba. Haka asibitin da Sarki Ƙalawun ya gina a Alƙahira a 1284: ya tsayar masa da waƙafi, ana duba mai kuɗi da talaka kyauta, kuma a cikinsa ake koyar da likitoci. Waƙafi shi ne dabarar da magabata suka yi amfani da ita wajen hana alheri mutuwa tare da mai shi, tun daga rijiyar Ruma da Sayyidina Usman ya saya a Madina ya bar wa jama'a. Shi kansa Edhi, Likita, da a ce motarsa ɗaya ya tsaya a kai, da yau babu wanda ya san shi a wajen Karachi. Abin da ya ɗaga shi shi ne ya gina tsarin da ke aiki bayan ransa.

Ɗan Kasuwa: Ranka ya daɗe, idan ɗorewa ce ma'auni, to ina neman a sa Muhammad Yunus na Bangladesh a sahun gaba. A 1976 ya ba mutum 42 rancen da jimillarsa dala 27 ce a wani ƙauye mai suna Jobra, saboda ya ga masu ba da bashi da ruwa sun shaƙe su, har macen da ke saƙa kujerun gora ba ta tsira da komai daga guminta. Daga nan aka sami bankin Grameen a 1983, mai ba talaka rance ba tare da jingina ba, yawancin masu karɓa kuma mata ne, aka kuma ba shi kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2006. Ni da nake kasuwa na san bambancin a ba mutum abinci da a ba shi jari.

Tsohon Alƙali: Alhaji, niyyarsa kyakkyawa ce kuma ƙasashe da yawa sun kwaikwayi tsarinsa, amma bankin yana karɓar kuɗin ruwa, don haka ba zan iya miƙa shi ga ɗan Musulmi a matsayin abin koyi ba tare da wannan togaciya ba. Idan irin wannan aiki ake nema, ga Dokta Amjad Saƙib, wanda ya kafa Akhuwat a Pakistan a 2001, yana ba da rance ba ruwa, kuma galibi a masallatai ake raba kuɗin a gaban jama'a.

Ɗan Kasuwa: Na ji, ranka ya daɗe, sai dai tsarin da ba ya karɓar ruwa da gudummawar masu hali yake rayuwa, ranar da suka janye hannu kuwa sai a ga yadda zai kasance. Ba ina halatta riba ba ne, ina nuna cewa ma'aunin ɗorewa da ka kawo yana iya saɓa wa ma'aunin halacci, kuma dole a faɗi wanda ke gaba.

Tsohon Alƙali: Halacci ne a gaba, babu ko tantama. Kuma waƙafi an yi shi ne daidai domin amsa wannan damuwa taka, tunda asalin dukiyar ake tsarewa, amfaninta kawai ake ci.

Likita: Baba Alƙali, na gode, amma ban janye ba. Na yarda cewa ilimi da hidima suna haɗuwa, kuma misalin da ya fi burge ni ma a fannina yake. Dokta Hawa Abdi ta Somaliya ta karanta likitancin mata, ta buɗe asibiti mai ɗaki ɗaya a gonar iyalinta kusa da Mogadishu a 1983, da yaƙin basasa ya ɓarke sai gonar ta zama mafakar mutane kusan 90,000. A 2010 'yan bindiga suka mamaye wurin suka tsare ta, ta ƙi barin marasa lafiyarta, har sai da suka janye. Ilimi ne a hannunta, amma ba don takardar shaidarta ake tuna ta ba.

Abin da nake nufi tun farko shi ne manufar yabo. Muna yabon mutum ne domin a yi koyi da shi. Idan na ce wa yaro ya zama Ibn Sina, zai ji daɗi ya tafi ya kwanta, domin ya san abin ya fi ƙarfinsa kuma laifin a kan zamani zai ɗora shi. Idan na ba shi labarin mutumin da ya fara da tsohuwar mota ɗaya, ba shi da uzuri.

Malamin Tarihi: To ai ba sai an je Bagadaza ba kafin a sami mai ilimin da za a iya koyi da shi. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, amma ba ta bar iliminta a cikin littafi ba. Ta lura cewa matan ƙauye ba za su iya barin gidajensu su zauna a gaban malami ba, sai ta zaɓi dattawan mata amintattu ta naɗa su jaji, kowace ta ba ta malfa alamar izini, su zo su karɓi karatu a waƙe su koma su koyar da sauran mata. Waƙar ita ce dabarar, domin wadda ba ta iya karatu ba za ta haddace ta tana daka ko tana kaɗi. Wannan tsari da ake kira 'Yan Taru ya rayu bayanta da nisa. Ki faɗa mini, Likita, a wane sahu za ki sa ta, kuma wace malamar Islamiyya ce a yau za ta ce wannan ya fi ƙarfinta?

Likita: A sahuna zan sa ta, Malam, domin dubban malamai sun yi rubutu a zamaninta, abin da ya bambanta ta da su shi ne jajin da ta tura ƙauye.

Malamin Tarihi: Da babu abin da ta rubuta, jajin hannu rabbana za su tafi.

Ɗalibar Jami'a: Kafin ku raba gardamar nan ina da wanda na kasa sa shi a ma'aunin kowa. A watan Yunin 2018, lokacin da aka kai hari wasu ƙauyuka a Barikin Ladi ta jihar Filato, Liman Abubakar Abdullahi, dattijo mai shekara sama da 80, ya ɓoye mutum 262, yawancinsu Kiristoci, matan a gidansa mazan a masallaci, ya fita ya tsaya a gaban maharan yana roƙonsu, ya ƙi buɗe musu ƙofa. Bai rubuta littafi ba, bai kafa gidauniya ba, bai bar waƙafi ba, aikin kuma na yini ɗaya ne. Baba Alƙali, idan ɗorewa ce ma'auni, ina matsayinsa?

Tsohon Alƙali: 'Yata, ki lissafa 'ya'yan da mutanen nan 262 suka haifa daga 2018 zuwa yau, da waɗanda za su haifa nan gaba, sannan ki sake yi mini tambayar. Amma na amince cewa shi liman bai yi wannan lissafi ba a lokacin da ya tsaya a bakin ƙofa, kuma ma'aunina bai auna wannan ɓangare ba. Ina so in ji abin da Malamin Tarihi zai ce, tunda liman ne, kuma daga karatu ya san hukuncin wanda ya nemi mafaka.