Tambaya: Me ya sa rigar matashin da na haɗa da ƙyallaye ta tattare bayan wanki?

Uwar Biyu ta rubuta:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni riƙe allura. Kusan shekara biyu ke nan ina tara ƙyallayen da suke ragowa duk lokacin da aka yi mini ɗinki ko aka yi wa yara, har suka cika jaka guda, kuma raina bai ba ni in zubar da su ba, domin akwai masu kyaun gaske a cikinsu. A watan jiya na ce bari in haɗa su in yi wa matashin kujera riga. Faɗin matashin santimita 45 ne, tsawonsa ma haka, saboda haka na yanka ƙyallaye tara masu kusurwa huɗu, kowanne santimita 15, na jera su uku-uku, na ɗinke da keke.

Da na gama, rigar ta yi wa matashin kaɗan, sai da na yi kokawa da shi kafin ya shiga. Kusurwoyin ƙyallayen kuma ba su haɗu wuri ɗaya ba, wannan ya haura, wancan ya gangara, kamar haƙoran da suka fito a karkace. Na haƙura da wannan, amma da na wanke ta sai wasu ƙyallayen suka tsuke, wasu suka tsaya yadda suke, fuskar rigar duk ta tattare, wani jan ƙyalle da na sa a tsakiya kuma ya zuba a kan fararen da ke gefensa. Shin laifin keken ne ko na hannuna? Sannan ina tsoron sa zif, ko akwai wata hanyar rufe bayan rigar ba tare da shi ba?

Gwaggon Yara ta amsa:

Wa alaikumus salam, 'yata. Kada ki karaya, domin duk wadda ta ce miki haɗin ƙyallenta na farko ya fito daidai, to ta manta ne kawai. Zan ɗauki batun ƙanƙantar rigar da na kusurwoyi, tunda uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, in bar batun wanki ga waɗanda suka fi ni sanin halin yadi.

Awon da kika yi wa matashi daidai ne, amma kin manta cewa ɗinki ma yana da nasa rabon. Duk inda ƙyalle biyu suka haɗu, allura tana cin wani abu daga bakin wannan, ta ci daga bakin wancan. Idan santimita 1 kike bari a baki, to kowane ƙyalle yana rasa santimita 2 a faɗi da 2 a tsawo, mai 15 ya koma 13, uku a jere kuma su ba ki 39 a maimakon 45. Abin da ya kamata shi ne ki yanka kowanne a santimita 17, ta yadda idan kin haɗa taran za ki sami fuska mai santimita 47, ragowar biyun kuma su tafi a ɗinkin da zai haɗa gaba da baya.

Game da yanka, ki sami kwali mai kauri ki fitar da ma'auni guda ɗaya na 17 da 17, ki tabbatar kusurwoyinsa a miƙe suke, sannan ki riƙa ɗora shi a bayan kowane ƙyalle kina zagayewa da alli mai tsini ko fensir. Kada ki ɗora ƙyallen da kika yanka a kan na gaba ki bi shi da almakashi, domin na biyu zai ɗara na farko da ɗan kaɗan, na uku ya ɗara na biyu, kafin ki kai na tara sun zama 'yan uba. Bayan haka ki auna santimita 1 daga allurar keke zuwa dama, ki manna tef a kan farantin da ke ƙarƙashinta, ki sa idonki a kan bakin ƙyalle da wannan tef ɗin, ba a kan allura ba. Masu wannan sana'a a Amurka rubu'in inci suke bari, wato kimanin milimita 6, amma ga mai koyo santimita 1 ya fi sauƙin riƙewa. Kada ki raina kuskuren milimita 2: a ɗinki ɗaya ya zama 4 saboda ɓangare biyu yake ci, a layi mai ɗinki biyu ya zama 8, kuma wannan kaɗai ya isa ya raba kusurwa da 'yar'uwarta.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne guga. Ni dutsen guga yana kunne kusa da ni tun daga ɗinkin farko har na ƙarshe. Idan kin haɗa layi na farko, ki kwantar da bakin ɗinkinsa zuwa dama, na layi na biyu zuwa hagu, na uku kuma zuwa dama. Lokacin da kika kifa layi a kan layi, za ki ji da yatsunki tudun wannan ya faɗa kusa da tudun wancan sun kama juna, sai ki soka fil a daidai wurin kafin ki hau keke. Kuma ki danna dutsen ki ɗaga, kada ki ja shi gaba da baya kamar mai gugar zanin gado, domin jan yana miƙar da ƙyalle ya ɓata awon.

Tsohon Tela ya amsa:

Gwaggo ta gama magana a kan awo, ba ni da abin ƙarawa. Ƙanwata, tattarewar da kika gani bayan wanki ba daga hannunki take ba, daga haɗa yadin da halinsu bai zo ɗaya ba ne. Lokacin da ake saƙa yadin auduga a masaƙa, zaren a ɗame yake, kuma a haka ake naɗe shi a kai kasuwa. Ranar da ya fara shan ruwa sai zaren ya kumbura ya saki jiki, yadin ya ja baya, galibi da kashi 3 zuwa 5 cikin 100. Yadin roba irin foliyesta kuwa kusan ba ya shan ruwa, saboda haka yana nan yadda yake. Idan ƙyallen auduga mai santimita 15 ya tsuke da kashi 4 cikin 100, ya rasa milimita 6 ke nan, maƙwabcinsa na roba kuma bai rasa komai ba, alhali ɗinki ɗaya ya ɗaure su. Dole ɗaya ya tattare. Tun a shekarar 1930 wani Ba'amurke, Sanford Cluett, ya fito da hanyar tsuke yadi a masana'anta kafin a sayar, kuma yadin da aka rubuta wa Sanforized ba ya ja fiye da kashi 1 cikin 100, sai dai ƙyallen da ke cikin jaka ba ya zuwa da takardar shaida.

Don ki gane wanne ne wanne, ki yanki ɗan siriri daga bakin kowane ƙyalle, ki riƙe da almakashi a kan kwano mai ruwa, ki kusanta shi da ashana. Auduga tana ci kamar takarda, da warin takarda, ta bar toka mai laushi wadda take murjewa a yatsa. Roba kuwa tana ja da baya daga wuta, ta narke, ta dunƙule ta zama ƙwallo mai tauri. Ki ware su kashi biyu, kada ki sake haɗa su a fuska ɗaya, kuma ko a cikin audugar ma kada ki jera mai kauri da marar kauri. Ja da shuɗi mai duhu su ne suka fi zuba, saboda haka ki jiƙa farin tsumma ki goga a kansu. Idan ya ɗauki launi, ki yi ta wanke ƙyallen shi kaɗai har ruwan ya fito fari, idan kuma ya ƙi dainawa, ki haƙura da shi komai kyaunsa.

Akwai kuma batun tsayuwar zare. Kowane saƙaƙƙen yadi yana da zaren tsaye da zaren kwance. Ki ja shi ta tsaye ba zai miƙe ba, ta kwance zai ɗan ba da kai, amma ta kusurwa zuwa kusurwa sai ya miƙe kamar danƙo. Ragowar ɗinki yawanci a karkace take fitowa, daga wuya ko hammata, mai koyo kuma yakan ɗora ma'auninsa duk inda ya sami fili. Ki zare zare ɗaya daga bakin ƙyallen ki ga inda ya bi, ki daidaita gefen kwalinki da shi.

Keken ma a duba shi. Irin ɗinkin keken da wani Ba'amurke, Elias Howe, ya yi wa rajista a 1846, wanda kekunan gida suke yi har yau, zare biyu ne, na sama da na ƙasa, suke sarƙewa a tsakiyar kaurin yadi. Idan na sama ya yi tsauri da yawa, za ki ga na ƙasa yana leƙowa a fuska, ɗinkin kuma ya tsuke tun kafin ya ga ruwa. Ki gwada a kan tsumma ninki biyu kafin ki fara, ki sa sabuwar allura matsakaiciya mai lamba 80/12, ki bar tsawon takun ɗinki a milimita 2 zuwa 2.5.

Mai Ɗinkin Hannu ta amsa:

Baba Tela, Allah ya ƙara girma, na yarda da bayaninka, amma ina da gyara ɗaya a kan wankin. Ƙananan ƙyallaye ba sa jure cuɗa. Na taɓa zuba nawa gaba ɗaya a injin wanki, suka fito a dunƙule, bakinsu duk ya zare, na kwana biyu ina warware su da almakashi. Abin da nake yi yanzu shi ne in jiƙa su a ruwan ɗumi, masu haske daban masu duhu daban, in bar su kamar rabin awa, in matse a cikin tawul ba tare da murɗawa ba, in goge su tun da sauran danshi. Sai bayan haka nake yanka, ba kafin ba.

'Yar'uwa, zif ba dole ba ne, ni ma ban cika son sa a matashin da ake jingina da shi ba. Ki yanka yadi biyu don baya, kowanne faɗin santimita 47, tsawo 31. A kowanne ki kalmashe dogon baki ɗaya, ki ninka santimita 1 sau biyu ki ɗinke. Ki shimfiɗa fuskar rigar tana kallon sama, ki kifa su a kanta, ɗaya daga sama ɗaya daga ƙasa, bakunan da kika kalmashe su hau juna a tsakiya da kimanin santimita 11. Ki zagaye gefe huɗun da ɗinki, ki datse tsinin kowace kusurwa ba tare da kin taɓa zaren ba, ki juyo ta. Matashi zai shiga ta wannan tsagar, kuma ba zai leƙo ba.

Idan kuma lissafin kusurwa ya gundure ki, akwai hanyar da ba ruwanta da shi. Ki sami wankakken yadi marar kauri mai 47 da 47 ya zama gindi, ki ɗora ƙyalle ɗaya a tsakiya, ki kifa na biyu a kansa ki ɗinke baki ɗaya har da gindin, ki buɗe ki goge, ki ci gaba a haka har fili ya cika. Kowane ƙyalle da siffar da Allah ya ba shi yake shiga, gindin kuma yana hana na karkace miƙewa. A ganina wannan ya fi dacewa da jakar ragowa, inda da wuya a sami tara masu girma ɗaya.

Uwar Biyu ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na yi gwajin ashana jiya da daddare, sai ga shi huɗu daga cikin taran roba ne, ciki har da fararen da na ɗauka auduga ce. Gwaggo, rigar farkon nan tana da gyara, ko in mayar da ita tsumman goge-goge?

Gwaggon Yara ta amsa:

Tana da gyara, 'yata, tunda audugar da ke cikinta ta riga ta sha ruwa ta gama ja. Ki farke ta a hankali, ki cire na roban da jan nan, ki cike gurbinsu da audugar da kika jiƙa kika goge, sannan ki sake yanka duka taran a santimita 14. Idan kin haɗa za su ba ki 38. Sai ki yanko dogayen yanki huɗu daga yadi mai launi ɗaya, faɗin kowanne santimita 6.5, biyu masu tsawon 38 ki sa a dama da hagu, ki goge, biyu masu tsawon 47 ki sa a sama da ƙasa. Fuskar za ta dawo 47 cif, kuma idan yadin zagayen mai duhu ne, launukan tsakiya za su fi fitowa. Na roban kuma kada ki zubar, ki yayyanka su ƙanana ki tara, suna yin cikon ɗan matashin soka fil da allura.