Tsinken gwajin ciki: a jira ɓatan wata ko a gwada tun da wuri?

Mai kemis, Ƙofar Ƙaura: Assalamu alaikum. Ni ina nan kan bakana, mace ba sai ta jira ɓatan wata ba kafin ta gwada. Akwai kwalin da aka rubuta a jikinsa cewa yana nunawa kwana huɗu ko biyar kafin ranar al'ada. Me zai sa a bar baiwar Allah cikin zulumi?

Ungozoma, Ƙofar Marusa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Tsinken nan sinadarin hCG yake nema a fitsari. Jiki kuwa ba ya fara yin sa sai ƙwan da ya haɗu da maniyyi ya manne a bangon mahaifa, wato kwana 6 zuwa 12 bayan fitar ƙwai. Daga nan yake ninkawa duk kwana biyu zuwa uku. Ƙwai yana fita kamar kwana 14 kafin al'ada ta gaba. Lissafa ka gani: wadda nata ya manne a rana ta 11 bayan fitar ƙwai, idan ta gwada kwana biyar kafin al'ada, me tsinken zai samu? Layi ɗaya zai ba ta, wato babu ciki, alhali cikin na hanya. Ta tafi ta sha maganin da bai kamaci mai ciki ba, tana ganin ai ta gwada. Wannan ne ke damuna.

Mai kemis: Amma Hajiya, wasu yana nuna musu.

Ma'aikacin lab, Ƙofar Guga: Yana nunawa, gaskiyarka a nan. Layi biyu da wuri abin yarda ne, layi ɗaya da wuri ne ba a dogara da shi. Yawancin tsinken da ke kasuwa sai sinadarin ya kai 25 mIU/ml, wato ma'aunin yawansa a fitsari, yake kamawa, masu kama 10 ba su ne aka fi sayarwa ba. Wadda take da dalilin sani da gaggawa, ta zo a ɗebi jini, shi ya fi saurin ganowa.

Ungozoma: Kuma ina so a gyara ƙirga. Mata da yawa daga ranar wankan tsarki suke farawa. A'a, rana ta ɗaya ita ce ranar da jini ya fara zuwa. Mai zagayen kwana 28 ƙwanta yana fita wajen rana ta 14, mai kwana 35 kuwa sai wajen rana ta 21. Idan wannan ta biyun ta gwada a rana ta 28 don ƙawarta ta ce haka ake yi, ta yi sammakon mako guda cur.

Malamar jinya, Ƙofar Durɓi: Anti, wadda al'adarta ba ta da tsayayyar rana fa? Ga mai shayarwa da jinin bai dawo mata ba, ga wadda ta daina allurar tsarin iyali. Su ba su da watan da zai ɓace. Sai su ƙirga kwana 21 daga saduwar da suke zargi, domin maniyyi yana iya kwana biyar a raye yana jiran ƙwai.

Mai kemis: To na ji wannan. Sai dai sau da yawa laifin ba na rana ba ne, na hannu ne. Fitsarin farko na asuba ake tara a kofi mai tsabta, busasshe. Kada a ɗirki ruwa ko zoɓo don fitsari ya zo, yana tsinka shi. A tsoma ta gefen kibiya, kada ya wuce layin da aka rubuta MAX, a ƙirga daƙiƙun da takardar ta ce, a kwantar da shi a wuri mai faɗi. Minti uku zuwa biyar a duba.

Ma'aikacin lab: Bayan minti goma kuma a yar. Idan ya bushe wani siririn layi mai launin toka yana fitowa, ba ciki ba ne. Layin da ya fito cikin lokaci, ko da dishi-dishi ne, in dai yana da launi, a ɗauke shi da muhimmanci, a maimaita bayan kwana biyu. In layin sama na tabbatarwa bai fito ba, tsinken ya lalace. Alhaji, ka san zafin Katsina a Maris da Afrilu, tsinken kuwa ba a so zafin wurin ajiyarsa ya wuce digiri 30. A duba ranar ƙarewar aikinsa, kada a ɓare ledar sai za a tsoma.

Malamar jinya: Layi biyu ma yana ruɗi ga wadda ta yi ɓari ko ta haihu kwanan nan, sinadarin yana makonni bai gama fita ba. Haka wadda aka yi wa allurar hCG ta neman haihuwa.

Mai kemis: Duk da haka, wadda ta ƙagu ta ce sai ta gwada, ni ba zan hana ta ba.

Ungozoma: Kada ka hana ta, amma ka gaya mata layi ɗaya kafin ranar al'ada bai wanke ta ba, ta sake a ranar, in jini bai zo ba ta ƙara bayan kwana uku zuwa mako. In kuwa wata ya ɓace, ga ciwon mara ta gefe ɗaya, ga ɗigon jini ko jiri, don Allah kada ta tsaya jiran tsinke, ta wuce asibiti a yi sikanin, ciki yana iya zama a wajen mahaifa.